Ƙwallon da Bai San Hanyarsa Ba

Ni baduku ne a kasuwar Samaru,
sana'ata takalma, ba ruwana da wasa.
Wata Laraba Haladu ya shigo da abu a hammata,
mai tsini gaba da baya, kamar gwanda ta rame.
Ya ce, "Baba Tanimu, ɗinke mini bakinsa."
Na ce, "Wannan layar wane ƙato ce?"
Ya ce ƙwallo ne na mutanen Amurka,
da hannu ake jifansa, a rungume shi a ruga.
Na sake shi ƙasa don in gani:
ya nufi gabas, ya fasa, ya koma yamma.
Na ce, "Yaro, abin da bai san hanyarsa ba,
ina zai kai ka?"

Lokacin ɗaukar jarka ne aikinsa,
daga famfo zuwa bakin fili.
Shi ke barbaɗa toka ya ja layi,
shi ke ƙirga hulunan kwano in an tashi,
goma sha bakwai, uku sun tsage.
Ya buga shekara biyu, gwiwa ta ce ta gaji,
sai ya koma benci da littafin ɗan firamare
yana zana sifili da kibiyoyi,
wai wannan ya tare nan, wancan ya ɓulla can.
Aka ba shi yara huɗu masu tsaron baya,
ladansa kuɗin mota da kwanon shinkafa.

A shekara ta bakwai suka rataya masa usur.
Ya zo rumfata yana dariya shi kaɗai,
ya sayi rake ya raba wa har mai faci.
Babban koci! Daga Kwangila zuwa Kongo
ba mai kiransa Haladu kuma.
Damina ɗaya ya ci wasa shida a jere,
'yan acaɓa suka raka shi gida Gyallesu da ham.
Damina ta gaba aka ci shi biyar,
waɗanda suka ɗaga shi sama
su suka fara tambayar wa zai gaje shi.
Takardar sallama layi uku ce.
A nan ya karanta ta, kan wannan kututture,
ya ninke, ya ce, "Takalmina fa, an gama?"

Ya yi Jos, mataimakin wani da ya taɓa koya wa.
Ya yi Ilori, ya dawo da tari da bashi.
Ya koyar da motsa jiki a wata makaranta a Wusasa,
matarsa Ladidi na ƙulla ƙosai da kunu a ƙofa
ana biyan haya.
Ban taɓa jin ya zagi kowa ba,
sai dai in an ambaci fili, ya dubi gwiwarsa.

Bara suka sake nemansa, gemu ya yi furfura.
Na ce, "Za ka koma wa waɗanda suka kore ka?"
Ya ce, "Baba, Kubanni kan ƙafe, ta kuma kawo,
ba ta tambayar wa ya zage ta da rani."

Jiya ya shigo da ƙwallon nan dai,
ɗinkina goma sha ɗaya a jikinsa, na ƙirga.
Na ce, "Babu sauran inda basilla za ta kama."
Ya ce, "To, bar shi a nan, ka ajiye."
A bayansa wata yarinya doguwa tana tsaye,
jarka a hannu, biro a bayan kunne,
tana leƙen littafinsa ta gefen ido.
Ya gan ta, bai rufe ba.

Na rataye ƙwallon kusa da fatun akuya.
Iska in ta shigo yakan juya,
gabas kaɗan, yamma kaɗan.
Har yau ban san yadda ake cin wasan ba.